Shin Inshorar Lafiya Tana Ceton Rai?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

  Bayan haka, a wannan fitowa za mu duba wata tambaya ce mai sauƙin faɗa, wadda amsarta ta ɗauki masana shekaru kusan 50 suna kai-komo a kanta. Tambayar ita ce: mutumin da yake da katin inshorar lafiya, shin ya fi wanda ba shi da shi tsira daga mutuwar da magani zai iya karewa? Ko kuwa kuɗi ne kawai ake zubawa a banza?

Tun kafin mu yi nisa, mu daidaita lafazi. Rai da ajali suna hannun Allah. Idan muka ce abu ya ceci rai, muna nufin ya zama sababi, kamar yadda muke cewa ƙarin jini ya ceci mai jego, ko kuma unguwar zoma ta ceci jariri. To, a wannan ma'ana ce za mu yi nazari. Ki gyara zama, domin akwai alƙaluma a ciki, amma za mu bi su sannu a hankali.

Mece ce inshorar lafiya?

A taƙaice, tsari ne da jama'a da yawa suke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya tun suna lafiya, duk wanda ciwo ya kama a cikinsu sai a biya masa kuɗin magani daga wannan asusu. Ta yi kama da adashi ta fuskar zubi, amma sun bambanta wajen kwasa. A adashi kowa yana da ranar kwasarsa, kuma abin da kika zuba shi za ki ɗauka. A inshora kuwa, wanda lalura ta samu shi yake kwasa. Kina iya yin shekara 5 kina zubi ba ki kwanta asibiti ba, sai kuɗinki ya tafi ga wata baiwar Allah da aka yi wa aiki wajen haihuwa. Wata rana kuma na wasu ya dawo kanki.

Akwai wadda kamfani yake gudanarwa don neman riba, akwai ta gwamnati, akwai kuma ta al'umma, wadda mutanen gari ko 'yan ƙungiya suke kafawa a tsakaninsu.

Me ya sa amsar take da wuya?

Za ki ce, ai abu ne mai sauƙi, a ƙirga waɗanda suka rasu cikin masu kati, a ƙirga na marasa kati, sai a gwada. An yi hakan kuwa. A shekarar 2002 wata babbar cibiyar likitoci ta Amurka ta ƙiyasta cewa rashin inshora yana jawo mutuwar mutane kimanin 18,000 a kowace shekara a ƙasar. A 2009 wasu masana na jami'ar Harvard suka ce adadin ya kusa 45,000. A cikin wannan shekara ta 2009 kuma wani masani mai suna Richard Kronick ya yi nasa lissafin, ya ce idan aka yi la'akari da sauran bambance-bambancen da suke tsakanin mutanen, kusan babu wata tazara. Kin ga an rabu ke nan.

Dalilin wannan saɓani shi ne, masu kati da marasa kati ba iri ɗaya ba ne tun asali. A Amurka, yawanci wurin aiki ne yake ba mutum inshora. Mai aikin albashi kuwa ya fi samun abinci mai kyau, da muhalli mai tsafta, da ilmi. Idan ya yi tsawon rai, katin ne sanadi ko kuwa wadatar? Ta ɗaya ɓangaren kuma, mai fama da ciwo ya fi mai ƙoshin lafiya zumuɗin yin rajista. Idan aka ga masu kati sun fi mutuwa, ba za a ce katin ne ya kashe su ba, da ma da ciwonsu suka zo.

Hanyar fita daga wannan ruɗani ita ce ƙuri'a. Idan aka tara jama'a masu yawa aka jefa ƙuri'a, wasu suka samu kati wasu ba su samu ba, to ɓangarorin biyu za su yi daidai a komai: tsofaffi da matasa, masu ciwo da masu lafiya, duk sun rarrabu a ko'ina. Abin da ya raba su kawai shi ne katin. Duk bambancin da aka gani daga baya, katin ne ya kawo shi. Ki riƙe wannan ƙa'ida, domin ita ce mabuɗin darasin nan gaba ɗaya.

Gwaji na farko: magani kyauta ko biyan wani kaso

Daga 1974 zuwa 1982, wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna RAND ta gudanar da gwaji a kan mutane sama da 7,000 a wurare 6. Ta hanyar ƙuri'a aka raba iyalai: wasu magani kyauta ne ɗungurungum, wasu za su biya kashi 25 cikin 100 na kuɗin, wasu kashi 50, wasu har kashi 95, amma da iyakar da ba za su wuce ta ba a shekara. Aka bi su shekara 3 zuwa 5.

Me aka gani? Masu magani kyauta sun fi masu biyan kaso mai yawa amfani da asibiti da kusan kashi 30 cikin 100. Amma da aka auna lafiyarsu a ƙarshe, ga yawancin mutane babu wani bambanci na a-zo-a-gani. Masu cewa inshora ba ta da amfani har yau da wannan suke kafa hujja.

To, sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata ki sani. Na farko, duk mutanen da suke cikin gwajin suna da inshora, iri ce kawai ta bambanta. Babu wanda aka bari ba tare da komai ba. Na biyu, a cikin talakawa masu fama da ciwo an ga bambanci. Masu hawan jini a cikinsu, waɗanda suka samu magani kyauta, jininsu ya fi sauka, har masu binciken suka ƙiyasta cewa haɗarin mutuwarsu ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100. An kuma gano cewa idan aka ɗora wa mutane biya, ba sa tantance maganin da za su bari. Mai amfani da marar amfani duk tare suke yankewa.

Gwaji na biyu: ƙuri'ar jihar Oregon

A Amurka akwai tsarin inshorar gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi da ake kira Medicaid. A shekarar 2008 jihar Oregon ta samu kuɗin da za ta ƙara mutane kimanin 10,000 a wannan tsari, amma waɗanda suka rubuta sunansu sun kai kusan 90,000. Da yake babu yadda za a yi, sai aka jefa ƙuri'a. Masana, a cikinsu akwai mata biyu fitattu, Katherine Baicker da Amy Finkelstein, suka ga dama ta samu, suka bi diddigin waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa da waɗanda ba ta faɗa wa ba.

Bayan kusan shekara 2 aka gwada jinin mutane sama da 12,000, aka yi masu tambayoyi, aka buga sakamakon a 2013. Ga abin da ya fito. Masu kati sun fi zuwa ganin likita, sun fi shan magani, an fi gano masu ciwon sukari a cikinsu. Ciwon damuwa ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Kashe kuɗin magani irin wanda yake durƙusar da gida kusan ya ɓace, cin bashi ma ya ragu. Amma a awon hawan jini, da na kitsen jini, da na sukari, ba a ga bambancin da za a iya dogaro da shi ba. Haka ma a yawan mace-mace.

Nan fa muhawara ta kaure. To amma ki lura da wani abu. Mutuwa a tsakanin masu matsakaicin shekaru ba ta da yawa cikin shekara 1 ko 2. Bari in ba ki misali. A ce cikin kowane mutum 1,000, mutum 8 ne suke rasuwa a shekara. Idan kati ya rage wannan da kashi 10 cikin 100, ragin bai ma kai mutum 1 cur ba a cikin dubun. Kafin a iya hango irin wannan ɗan ragi a bambance shi da dace, sai an bi mutane masu yawan gaske. Ga shi kuma ba duk wanda ƙuri'a ta faɗa wa ne ya kammala rajista ba. Saboda haka gwajin Oregon bai tabbatar da cewa kati yana ceton rai ba, bai kuma kore hakan ba. Ma'aunin buhu ne aka ɗora wa zobe.

Gwaji na uku: wasiƙun ofishin haraji

A 2010 Amurka ta yi dokar lafiya a zamanin shugaba Barack Obama, wadda ta sanya tara a kan rashin yin inshora. An daina karɓar wannan tara daga 2019. A farkon 2017, hukumar harajin ƙasar ta so ta aika wasiƙa ga gidaje kimanin miliyan 4.5 da suka biya tarar, tana tunatar da su yadda ake rajista. Kuɗi bai isa a aika wa kowa ba, sai aka aika wa miliyan 3.9, sauran kuma ƙuri'a ce ta fitar da su. Kin ga an sake samun ɓangarori biyu masu kama da juna, wannan karon kuma miliyoyin mutane ne.

Waɗanda suka samu wasiƙa sun ɗan fi yin rajista. Da aka duba bayanan mace-mace na shekaru 2 da suka biyo baya, sai aka tarar cewa a tsakanin 'yan shekara 45 zuwa 64, cikin kowane mutum 1,648 da aka aika wa wasiƙa, an samu ragin mutuwa 1. An buga wannan a 2021, kuma shi ne karo na farko da gwajin ƙuri'a ya nuna ƙarara cewa inshora tana rage mutuwa. A tsakanin matasa kuwa ba a ga wani bambanci ba, kuma hakan ba abin mamaki ba ne, tunda su da ma ba su cika cututtukan da suke kisa cikin ɗan lokaci ba.

Wasu hujjoji biyu masu ƙarfafawa

Na farko: a Amurka kusan duk wanda ya cika shekara 65 yana shiga inshorar tsofaffi ta gwamnati mai suna Medicare, wadda aka kafa a 1965. Wanda ya rage masa wata 1 ya cika 65 da wanda ya wuce da wata 1 ai kusan sa'o'in juna ne, jikinsu ɗaya. David Card da abokan aikinsa suka duba bayanan asibitocin jihar Kalifoniya na waɗanda aka kawo cikin gaggawa da ciwo mai tsanani. A 2009 suka bayyana cewa mutuwa cikin kwana 7 na farko ta ragu da kusan kashi 20 cikin 100 ga waɗanda suka tsallaka shekara 65.

Na biyu: daga 2014 wasu jihohin Amurka suka faɗaɗa tsarin Medicaid ya haɗa da ƙarin talakawa, wasu jihohin suka ƙi. Sarah Miller da abokan aikinta suka gwada ɓangarorin biyu. Kafin 2014 yawan mace-macen yana tafiya kafaɗa da kafaɗa. Bayan nan, a tsakanin masu ƙaramin ƙarfi 'yan shekara 55 zuwa 64, mutuwa ta ragu da kusan kashi 9 cikin 100 a jihohin da suka faɗaɗa. Sun ƙiyasta rayuka kimanin 19,200 da aka tserar cikin shekara 4.

Idan muka haɗa waɗannan duka, ga amsar da ta fito: ƙwarai, inshorar lafiya tana rage mutuwa, amma amfanin ya fi bayyana ga talaka, da mai ciwo, da wanda shekaru suka fara ja, da kuma lokacin lalurar gaggawa.

Ta wace hanya take yin haka?

Kati dai ba a jiƙa shi a sha. To ina sirrin yake? Hanyoyi huɗu ne.

Ta ɗaya, saurin zuwa asibiti. Wanda ya san ba za a ce ya ajiye kuɗi kafin a taɓa shi ba, ba ya tsayawa jiran gari ya waye ko jiran a sayar da akuya. A ciwon zuciya, da zubar jini bayan haihuwa, da jijjiga, sa'o'i kaɗan ne tsakanin tsira da rasa rai.

Ta biyu, gano ciwon da ba ya nuna kansa. Hawan jini da ciwon sukari suna iya yin shekaru suna cin mutum bai sani ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta tsaya. Mai zuwa awo a kai a kai ana kama nasa da wuri.

Ta uku, ɗorewa a kan magani. Maganin hawan jini ba na mako 1 ba ne, na kullum ne. Wanda yake saye da aljihunsa yakan sha idan akwai kuɗi, ya bari idan babu, ko ya raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata.

Ta huɗu, kare gida daga talauci. Jinya ɗaya tana iya cinye jari, a sayar da gona ko keken ɗinki, a cire yara daga makaranta. Talauci kuma shi kansa ƙofar wasu cututtukan ne.

Tun 1994 wasu masana mata biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka bayyana cewa jinkiri iri uku ne yake kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa saboda nisa ko rashin mota, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Inshora tana taimakawa sosai a na farko, tana rage wani ɓangare na na uku, wato jiran a kawo kuɗi. Amma ba ta gyara hanya, ba ta kuma kawo likita inda babu shi.

Inda kati kaɗai bai wadatar ba

A nan ne ya kamata ki ƙara natsuwa, ya 'yar uwa, domin Amurka ƙasa ce da asibitocinta suke da kayan aiki. Yaya abin yake a ƙasashe masu tasowa?

A Gana, a gundumar Dangme ta Yamma, an yi gwajin ƙuri'a a kan yara sama da 2,500 'yan ƙasa da shekara 5. An biya wa wasu iyalai kuɗin shiga tsarin magani, wasu kuma aka jinkirta nasu. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna cewa an fi kai yaran masu kati asibiti, amma ƙarancin jini, wanda shi ne babban abin da ake aunawa, bai bambanta ba tsakanin ɓangarorin.

A ƙasar Tailan kuwa, a 2001 gwamnati ta fito da tsarin da mutum zai biya baht 30 kacal a ga lafiyarsa, ta kuma ƙara wa asibitocin gwamnati kuɗi sosai. Kafin nan, jarirai sun fi mutuwa a lardunan talakawa. Bayan shigowar tsarin, bincike ya nuna wannan tazara tsakanin lardunan talakawa da na masu hali ta gushe.

A nan gida Nijeriya, a jihar Kwara an fara wani tsarin inshorar al'umma a 2007, inda manoma suke biyan ɗan kaɗan ana cika masu sauran da tallafi, aka kuma gyara asibitocin yankin, aka ba su kayan aiki da horo. An auna mutane a 2009, aka sake aunawa a 2011. Masu hawan jini a yankin da tsarin ya shiga, lambar sama ta awon jininsu ta fi ta makwabtansu sauka da kusan maki 5. Wannan ba ƙaramin abu ba ne wajen kare shanyewar ɓarin jiki.

Kin lura da abin da ya haɗa Tailan da Kwara? A duka biyun, an haɗa kati da gyaran asibiti. A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani ƙiyasi a kan ƙasashe 137 masu ƙarami da matsakaicin arziki: a shekarar 2016 mutane kimanin miliyan 8.6 sun mutu da cututtukan da ake iya magancewa. Miliyan 3.6 ba su je asibiti ba, amma miliyan 5 sun je, kulawar ce ba ta da inganci. Wato kati yana buɗe maki ƙofa ne, abin da za ki tarar a cikin ɗakin kuma wata magana ce daban.

Halin da ake ciki a Nijeriya

An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka ƙaddamar da tsarin a 2005, amma yawancin waɗanda suka amfana ma'aikatan gwamnatin tarayya ne. A 2014 dokar lafiya ta ƙasa ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Jihohi ma sun kafa hukumominsu, kamar Kano da ta yi dokar taimakekeniyar lafiya a 2016. A watan Mayu na 2022 aka sanya hannu a sabuwar doka da ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman don masu rauni.

Duk da haka, mafi yawan jama'a ba su da kati, kuma sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, wato fiye da kashi 1 cikin 4 na duniya baki ɗaya. To kin ji dalilin da ya sa wannan darasi ya shafe mu kai tsaye.

Ina matsayin shari'a?

Wannan tambaya tana hana 'yan uwa da dama yin rajista, don haka ga taƙaitaccen bayani. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda garari mai yawa da yake cikin ƙulla ta, amma ta halatta inshorar taimakon juna, wadda aka gina a kan kyauta da haɗin kai. Ita ce ake kira takaful, kuma an kafa kamfaninta na farko a Sudan a 1979. Akwai kuma malamai, irin su Shaikh Mustafa Zarƙa, da suka halatta har ta kasuwancin. Tsarin da gwamnati take gudanarwa don jin daɗin jama'a ba don riba ba, malamai da yawa sun sanya shi a babin taimakon juna. Ki binciki irin tsarin da aka kawo maki, sannan ki tambayi malamin da kika amince da ilminsa.

Abin da ya kamata ki yi

1. Idan ke ko maigida ma'aikata ne, ki tabbatar an yi rajistar sunanki da na yara. A tsarin ma'aikatan tarayya, mata 1 da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18 ne suke shiga kai tsaye. Gidan da yake da mata fiye da ɗaya ko yara da yawa, sai an yi wa sauran rajista ta daban. Ku zauna da maigida ku warware wannan tun ana lafiya.

2. Idan ba ku da aikin albashi, ki je ofishin hukumar inshorar lafiya ta jiharku ko asibitin unguwarku ki tambayi tsarin masu sana'ar hannu da na masu rauni.

3. Kafin ki biya, ki tambaya dalla-dalla: awon ciki yana ciki? Haihuwa fa? Aikin fitar da jariri fa? Ƙarin jini fa? Sai bayan kwana nawa katin zai fara aiki? Yaushe ake sabunta shi?

4. Ki zaɓi asibiti da idon basira. Yana aiki da dare? Akwai likita? Ana yin tiyata, ko kuwa ina suke tura mutum? Kada kusanci kaɗai ya ja ki.

5. Ki yi amfani da katin tun kina lafiya. Ki je awon hawan jini da na sukari, ki kai iyaye da surukai, tunda mun ga cewa masu manyan shekaru ne suka fi amfana.

6. Idan aka ce maki babu magani alhali yana cikin haƙƙinki, ki kai ƙorafi ga hukumar cikin ladabi, a rubuce. Idan 'yan ƙungiya suka tafi tare, an fi sauraronsu.

7. Inda babu tsari ko kaɗan, ku kafa asusun gaggawa a reshenku, da littafin shige da fice da amintattun masu riƙo. Ku tanadi direban da za a iya kira da tsakar dare, da sunayen masu ba da jini. Wannan shi zai rufe jinkirin da kati ba ya rufewa.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin adashi da inshora?
2. Me ya sa ƙirga mace-macen masu kati da marasa kati kawai ba ya ba da amsa?
3. Me gwajin Oregon ya nuna, me kuma ya kasa nunawa? Saboda me?
4. Kawo jinkiri uku da suke kashe mata wajen haihuwa. Wanne ne inshora ta fi magancewa?
5. Wane abu ne ya haɗa nasarar Tailan da ta Kwara?

Ku tattauna waɗannan a zamanku na mako, kowace ta kawo abin da ta binciko game da tsarin da yake jiharta.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya amfanar da mu abin da muka karanta. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.